Kiɗan da Ƙafar Baba Ta Sani

Babana direba ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa da rabin tsufansa a hanyar Gazawa zuwa Agiye zuwa Maradi, cikin motar haya wadda ƙofarta ta baya sai da igiya take rufuwa. A shekarar da sojoji suka riƙe ƙasa, suka ce za su shirya zaɓe su mayar da mulki ga farar hula, hawan jini ya kayar da shi a tsakar gida. Da ya farfaɗo, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Baki ya dawo, hannu ya ɗan dawo, ƙafa ce ta ƙi.

Majo, babban ma'aikacin asibitin garinmu, bai ɓoye mani komai ba. Ya ce ƙafar da ta shanye, in ana taka ta kullum tana iya tuna aikinta. In kuwa aka bar ta ta zauna, to ta zauna ke nan, kuma mai ita ba ya daɗewa bayan haka. Ni ce ɗiyar da ke aure kusa, katanga ɗaya ta raba gidana da nasu, don haka nauyin a kaina ya sauka. Da safe in koyar a lakol, makarantar bokon unguwarmu, da la'asar in zo in kama Baba mu yi tafiya.

Da fari tafiyar ba ta yi ba. Baba zai miƙe da sanda, ya aiki ƙafar, ita kuwa ta yi kamar ba da ita ake ba. Ni kuma Allah ya yi ni mai gaggawa. Inna takan ce ko ranar haihuwata ban jira ungozoma ba. Sai in kama tafa hannu ina cewa ɗaga, ajiye, ɗaga, ajiye, shi kuma ya harare ni.

"Madam, ni ba ɗan lakol ɗinki ba ne."

Madam yake kira na tun da na fara koyarwa, rabi tsokana rabi alfahari.

Wata rana da muka gaji da juna, ya ce in ɗauko mashi radiyonsa da kaset ɗinsa ya huce. Kowa a gidanmu ya san kaset ɗin nan. Yana saurayi ya tsallaka iyaka, ya sayo garmaho mai aiki da pil, wato batir, da 'yan faifai. Duk manya ne, sai guda ɗaya ƙarami, na kiɗan baƙaƙen Amurka da ake kira sol. Wannan ƙaramin ne ya shiga ransa. Da kaset ya shigo, ya kanga radiyo a bakin garmaho ya naɗe waƙar, ya yi ta maimaita ta har ta cika gaba da baya. Faifan daga baya rana ta lanƙwasa shi a cikin mota. Kaset ɗin kuwa aka yi ta juye shi daga wani zuwa wani, kowane juyi yana ƙara mashi shuu, har ya zama kamar ana waƙar cikin ruwan sama.

Kiɗi ne mai nauyi, mai nawa, da muryar namiji kakkaura wadda ba ta gaggawar zuwa ko'ina. Babu mai jin Ingilishi a gidan, amma Baba ya daɗe da yanke mana hukuncin abin da ake faɗi. Kwalin faifan yana nan soke a bayan madubin ɗakinsa, da hoton wata mace mai gashi a tsefe. Ya ce ita ce mutumin yake yi wa waƙa, tana can nesa, yana tafe wurinta a hankali don ya san tana jiransa. "Mutumina" yake ce wa mawaƙin. Inna kuwa kukan bijimin sa take kiran abin.

"Shekara da shekaru yana tafe bai iso ba," in ji ta, "ita kuma ta rasa aikin yi sai jira."

Ranar nan dai na kunna, Baba yana tsaye jingine da ni don ban riga na zaunar da shi ba. Gangar ta buga, sai na ji nauyinsa ya koma dama. Ta sake bugawa, sai ƙafar hagu ta ja ƙasa ta matsa gaba. Muka kai bakin zaure muka dawo. Tazarar da ke tsakanin bugu da bugu daidai take da lokacin da ƙafar ke buƙata ta ji saƙo ta amsa. Akwai ma wani wuri a tsakiyar waƙar inda zaren kaset ɗin ya taɓa tsinkewa muka liƙe da jan farce, kiɗin yakan yi shiru kaɗan ya yi tsalle. Nan Baba ke tsayawa ya ja numfashi.

Daga nan kullum la'asar haka muke, radiyo rataye a kafaɗata, Baba a damana. Muka fita zaure, muka kai bakin lungu, har muka fara kaiwa wurin mai shayi. Wasu dattawa suka yi gunaguni, wai tsoho da ya kamata ya riƙe carbi ya koma bin kiɗa. Na ce wa ɗaya daga cikinsu ya kawo mana ƙafa sabuwa mu kashe radiyon. Inna ta yi mani faɗa a kan bakina, amma ban janye ba.

Da aka sa lokacin zaɓe, samarin jam'iyyu suka fara zagaya gidaje suna alkawarin amalanke ga tsofaffi da marasa lafiya. Suka tarar da Baba a ƙofar gida cikin abokansa tsofaffin direbobi.

"Tun da aka fara zaɓe a ƙasar nan ni ke kwasar tsofaffi da guragu in kai su kyauta," in ji shi. "Ni ba buhun wake ba ne. Da ƙafata zan je lakol ɗin Madam in dangwala."

Rumfar zaɓen unguwarmu a lakol ɗin da nake koyarwa take. Mai lafiya zai je ya dawo shayinsa bai huce ba. Ga Baba kuwa ko rabin hanyar ba mu taɓa kaiwa ba. Na ji daɗi ya samu abin da zai sa a gaba, amma na ji tsoro, don na san halin mutumin da ya haife ni. In ya faɗi magana gaban maza ya kasa cikawa, ɗaki zai shiga ya ja labule. Zaɓen bai dame ni ba, Allah ya sani, kowa ya ci ya ci. Maganar majo ce ke yawo a kaina.

Sai kaset ya fara ciwo. Murya ta riƙa rawa, zare ya riƙa naɗewa a cikin radiyo, in zaro shi a hankali in naɗe shi da bik ɗin rubutu. Kullum in na danna sai gabana ya faɗi. Na zare kwalin daga bayan madubi, na ba wani direba ya kai wa yayana da ke aikin buro, wato ofis, a Maradi, na kira shi na ce ya nemo mana waƙar nan ko a ina take. Kafin ya zo abin da nake gudu ya faru. Muna tsakiyar lungu radiyo ya shaƙe, na buɗe na tarar da zaren ya cukurkuɗe ya miƙe ya tsinke wuri-wuri. Mai gyaran radiyo na kasuwa ya juya shi a hannu ya ce, "Madam, wannan sai dai mu yi mashi addu'a."

Yaya ya iso ranar Juma'a da fara'arsa, da wani ɗan radiyo da ake soka wa memori, ɗan katin nan da bai kai farce ba. Ya ce da sunan da ke jikin kwalin ya samo waƙar. Ya ce can Amurka an koma kan ainihin naɗin farko, an sa na'urori an wanke shi tas, babu shuu babu ƙura, za ka ji kamar kana zaune cikin makaɗan. Na yi hamdala har na kusa kuka. Labari ya zagaya, abokan Baba suka shigo, aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin iccen bedi. Inna tana bakin murhu ta ba mu baya.

Yaya ya danna.

Gaskiya ɗaya ce, ban taɓa jin abu mai daɗin wannan ba. Ashe akwai ƙahonni a waƙar. Ashe akwai masu tafi, akwai mata masu amshi, har jan numfashin mai waƙa ana ji. Amma kiɗin da gudu yake tafe, irin wanda ke sa 'yan mata su ɗaure zane su shiga fili. Kuma muryar ta mace ce, siririya, mai ƙarfi.

"Wannan ba shi ba ne," in ji Baba.

"Shi ne, Baba. Saurara da kyau."

Muka saurara. Shi ne kuwa, hawa da saukar duk iri ɗaya, sai dai kamar an kora shi da bulala. Yaya ya tambayi Baba ko garmahon nan yana da ɗan maɓalli a gefe mai lamba biyu. Baba ya ce yana da shi, kuma bai taɓa taɓa shi ba, yadda mai kanti ya ba shi haka ya bar shi. Yaya ya ce manyan faifai a hankali suke juyawa, ƙananan kuwa sai an tura maɓallin su yi sauri. Ke nan tun ranar farko Baba a kan nawa yake jin ƙaramin faifan nan, nawar ce ta kumbura muryar ta mayar da ita ta namiji. Matar da ke jikin kwalin ba jiran kowa take ba, ita ce mai waƙar.

Wani cikin dattawan ya tuntsire da dariya. Inna ma na ga kafaɗunta sun motsa, sannan suka tsaya. Baba ya karɓi kwalin ya daɗe yana kallon hoton.

"Ashe mace ce," ya ce. "To, ai sai mu gwada."

Na so in hana, amma ya riga ya yunƙura. Ya miƙe, na shiga gefensa. Ƙafar dama ta ji kiɗi ta bi, ta hagu tana nan inda take. Ya yi ƙoƙarin jawo ta, bugu na biyu ya riga ya wuce, na ukku ya zo. Sandar ta zame. Na riƙe shi da iya ƙarfina amma ya fi ni nauyi, muka zube tare a gaban abokansa, matar nan tana ta rera abinta. Bai ji ciwo ba sai ɗan gurjewa a gwiwa. Ya ce a kashe. Yaya ne ya ɗauke shi cak ya kai shi ɗaki, kowa yana kallo.

Garin neman gira mun rasa ido. Daga ranar Baba ya ƙi fita. In na zo da la'asar sai ya ce yau jikin ba daɗi, gobe. Goben ta zo ya ce jibi. Ina shafa mashi man zafi a ƙafar ina jin yadda take ƙara sandarewa a hannuna. Majo ya leƙo, ya lanƙwasa gwiwar ya miƙe ta, ni dai ya kalla. Da ya yi mani faɗa da ya fi mani sauƙi.

Na roƙi Yaya ta waya. Ya ce ana iya rage wa waƙar sauri a ordinater, wato kwamfuta, amma an tura shi aikin zaɓe can wajen Gidan Sori, ba zai ga buronsa ba sai an gama. Bayan zaɓe, in ji shi. Na ce bayan zaɓe me za a yi da ita, na kashe wayar ban yi mashi sallama ba, alhali bawan Allah ba shi da laifi. Na gwada rera waƙar da kaina ina tafi. Baba ya yarda ya miƙe sau ɗaya don kada in yi kuka, ya saurara kaɗan ya koma ya zauna.

"Ke ma gudu kike, Madam. Kamar waccan."

Gaskiyarsa. Ina farawa a hankali, tsoro ya riƙa tura ni, kafin in ankara na yi gaba na bar shi.

Ana saura kwana kaɗan, na shigo da hantsi ɗaukar wani abu, na tarar da Inna tana daka ita kaɗai. Na tsaya a zaure. Taɓaryar tana sauka a hankali, da tazara, ba irin dakan mai sauri ba. Ƙarƙashin ƙarar turmin kuma akwai wani gunji da ke fitowa daga ƙirjinta, bakinta a rufe. Waƙar ce, ta kaset, da nauyinta da nawarta. Ta kai wurin nan na jan farce, ta yi shiru, taɓarya ta tsaya a sama, sannan ta yi tsalle ta ci gaba. Ita kanta ba ta san tana yi ba. Tun tana amarya abin ke shiga kunnenta tana tsaki.

"Inna, ke ce za ki yi mashi."

"In yi mashi me?"

"Waƙar. Yanzu na ji ki."

"Ba ki ji ni ba. Turmi kika ji."

Na durƙusa, na roƙe ta, na faɗa mata abin da majo ya ce, wanda na daɗe ina ɓoye mata. Ta ajiye taɓarya ta dube ni.

"Ke ɗiyar nan, da furfurata, da surukai, da jikoki, in bi namiji a titi ina kukan sa? Ni da ko sunansa ban taɓa kamawa ba? Ki nemi wani abin."

Na fita raina a ɓace, har na manta abin da na zo ɗauka.

Ranar zaɓe gari ya yi tsit, an gama kamfe, an sauke lasifikoki. Da hantsi samarin suka kawo amalanken jaki ƙofar gida. Na shiga na tarar Baba ya sa farar rigarsa ta sallah da hula, katin zaɓe a aljihu. Na ɗauka ya haƙura zai hau, kuma ban san ko in ji daɗi ko in ji tsoro ba. Da dafa bango da dafa ni ya kai bakin zaure. Abokansa suna zaune a benci, sun ƙi tafiya sai sun ga yadda za ta kaya.

"Ku kau da jakin nan," in ji shi.

Suka ja amalanken gefe. Ya saki bango, ya dogara sanda, ya kalli lungun. Ya aiki ƙafar, ba ta tafi ba. Ya sake. Gumi ya keto mashi a wuya duk da sanyin da ake yi. Dattawan benci suka sunkuyar da kai, wannan ya fi dariya ciwo. Na buɗe baki in fara rerawa, sai na tuna ni ma gudu nake, na fasa. A raina na ce shi ke nan, yau zai koma ɗaki, kuma ba zai ƙara fitowa da ƙafarsa ba.

Sai na ji gunjin daga cikin zaure.

Inna ce, lulluɓe da mayafi har goshi, katinta a hannu, ta tsaya 'yar tazara bayanmu kamar mai jiran a ba ta hanya ta wuce. Idonta a ƙasa, bakinta a rufe. Baba bai waiwaya ba. Na ji nauyinsa ya koma dama. Ƙafar hagu ta ja ƙasa ta matsa.

Haka muka kama hanya, shi da ni a gaba, ita a baya. Muka wuce bakin lungu, muka wuce mai shayi. Inda waƙar ke shiru ta yi shiru, ya tsaya ya ja numfashi, ta yi tsalle ya ci gaba. Ta ƙare ta koma farko. A bakin babban titi babura suka wuce da ƙara, muryarta ta ɓace, ƙafar ta tsaya cak. Inna ta matso. Wani babur ya sake wucewa, ta ƙara matsowa, har ta zo daidai kafaɗarsa ta dama, ta buɗe bakin ma gaba ɗaya. Tun da nake ban taɓa ganin iyayena sun jera a hanya ba sai ranar. Mata masu dawowa daga zaɓe suka riƙa tsayawa suna kallo. Ko gefensu ba ta duba ba.

Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba, na dai san inuwa ta gajarce kafin mu shiga ƙofar lakol. Masu layi suka buɗe mashi hanya. Ya shiga ajin da nake koyarwa, ya fito da tawada a yatsa, rigar sallah ta jiƙe sharkaf. Ya zauna a dakalin aji ya ce, "Yanzu ku kawo jakin, na cika maganata." Ni kuwa na zauna a ƙasa gaban iyayen ɗalibaina ina share ido. Inna ta wuce layin mata, da ta zo daidai ni ta ce ƙasa-ƙasa, "Ni ban yi waƙa ba. Maƙogwaro ne ke damuna."

Bayan an gama komai Yaya ya zo da waƙar, ya rage mata sauri kamar yadda ya yi alkawari. Muryar namijin ta dawo, kakkaura, tas, babu shuu, babu wurin tsalle. Har yau duka biyun suna cikin wayata, kuma in za a tambaye ni wadda ta fi daɗin ji, ta matar nan ce mai gudu, ba na musu. Baba ya zauna ƙarƙashin bedi ya saurari mutuminsa daga farko har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Ya sa wa Yaya albarka, ya ce ya yi ƙoƙari. Sannan ya laluba ya jawo sandarsa.

"Madam, kashe. Ina uwarku? Ce mata zan leƙa tasha."